Kyaututtukan Fim da Labaran Taurari: Yadda Mai Kallo Zai Iya Auna Aiki

Laccar da aka gabatar a taron matasa da malaman makaranta a garin Magarya, jihar Damagaram

 

Ina farawa da gaisuwa ga masu martaba sarakunanmu da wakilansu, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya. Ina gaida hukumomin Magarya da na Dungas, da malamanmu na addini, da malaman lakwal, da iyayenmu mata da suka ajiye aikin gida suka zo. Gaisuwa ta musamman ga matasan da suka shirya wannan zama, da waɗanda suka yi sammako daga Waca da Bande da Yekuwa da Sassumburum, da waɗanda suka biyo hanya daga Guci da Mallawa da Dogo-Dogo. Sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

An nemi in yi magana a kan kyaututtukan fim da labaran ƴan wasa, waɗanda kullum suke shigowa wayoyinmu: wane ya shiga takara, wance ta ci kyauta, fim kaza ya tafi Amurka. Na san a cikin iyayenmu akwai mai cewa a ransa, ga tsadar hatsi, ga maganar taki, ga yara ba aikin yi, sai a tara mu a kan fim? Baba, tambayarka tana kan hanya. Amsata ita ce, abin da ƴaƴanmu suke kallo kowane dare, suna ɗaukar salon magana da ɗinki da tunanin aure daga cikinsa, ya kai a zauna a kansa da rana tsaka.

Maganata guda ce. Darajar kowace kyauta tana ga wanda ya yi awo da kuma abin da ya auna da shi. Mai kallon da ya san haka ba a ruɗarsa da hayaniya, kuma daga cikin irin waɗannan masu kallo ne masu shirya fim na ƙwarai suke fitowa. Zan bi maganar ta hanyoyi shida.

Na farko: yadda fim yake iso mana

Mu mutanen bakin iyaka ne. Wanda ya fita daga Magarya ta Tinkim, nan da nan ya faɗa Babban Mutum. Wanda ya fita daga Dungas ta Adare, sai ga shi a Maigatari, inda ake cin babbar kasuwar dabbobi ranar Alhamis. Ta waɗannan hanyoyi da muke kai bisashe da wake da riɗi, ta nan kaset ɗin bidiyo ya shigo mana.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo da aka kai kasuwa. A 1999 Sangaya ya fito, waƙarsa ta shiga gidajen biki daga Kano har Damagaram. A shekarar ne kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, kuma a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ne sunan Kannywood ya fara bayyana. Ke nan labaran ƴan fim da sharhi a kansu sun taso tare da sana'ar kanta.

Kaset ya wuce, faifan CD ya wuce. Yau ku leƙa rumfar mai cajin waya a kowace kasuwar ƙauye. Ga farantin sola a kan rufi, ga wayoyi talatin jere a kan katako kowace da lambarta a manne, ga kwamfuta ɗaya a gefe. Yaro zai miƙo memori da ƴan dalolinsa ya ce a tura masa sabon Labarina ko Izzar So. Kafin la'asar fim ɗin ya ratsa wayoyi goma a fadar matasa ɗaya. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cikin gidajen da ke da tauraron ɗan Adam, YouTube kuma ta ƙarasa sauran. A 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a 2023 ma an sake rufewa. Shinkafa ta tsaya, manyan motoci sun tsaya. Fim ya tsaya? Ko na mako ɗaya bai tsaya ba.

Saboda haka muna cikin manyan masu kallon fim ɗin Hausa, kuma ƴan Nijar sun shiga sana'ar da ƙafarsu, kamar mawaƙiya Fati Nijar da ta fito daga Maraɗi ta yi suna a Kano. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: da yawan kallon nan namu, mun iya faɗin dalilin da ya sa wani fim ya fi wani?

Na biyu: miƙa fim daban, shiga jeri daban, cin kyauta daban

Nan ne aka fi ruɗa mu. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa fim ɗin Hausa ya shiga gasar Oscar, kafin dare labarin ya zama ya ci Oscar. Bari mu warware abin daki-daki.

An fara ba da kyautar Oscar a Amurka a 1929. A cikin rukunanta akwai na finafinan ƙasashen waje. Kowace ƙasa tana da kwamitin da ke zaɓen fim ɗaya tak ya miƙa da sunanta. Wannan shi ne mataki na farko. Daga cikin finafinan ƙasashe da dama da aka miƙa, ana tace 15, daga 15 a fitar da 5. Waɗannan biyar su ne aka ce sun shiga jerin ƴan takara. Daga cikinsu ɗaya ne ke ɗaukar kyautar.

Ga misalai. A 2019 Najeriya ta miƙa Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi tun kafin a fara awo, domin sharaɗin rukunin shi ne yawancin maganar fim ta kasance ba da Ingilishi ba, shi kuwa Ingilishi ya rinjaya a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya aka miƙa The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda akasarin maganarsa da Hausa ce. A 2024 aka miƙa Mai Martaba na Prince Daniel, da Adam A. Zango a cikin ƴan wasansa, wanda aka ɗauka a Daura, nan maƙwabtanmu. Mu ma a 2018 Nijar ta miƙa fim karo na farko, wato Zin'naariya na Rahmatou Keïta, labarin wata ɗiyar gidan sarautar Damagaram da ta dawo daga karatu a Faransa. Duk waɗannan sun tsaya a mataki na farko, babu wanda ya kai jerin biyar.

Wannan ya rage musu daraja? Ko kaɗan. A ce ƙasa guda ta duba finafinanta na shekara ta ɗauki wanda aka yi da Hausa ta ce shi ne zai wakilce ta, abin alfahari ne. Amma a faɗe shi yadda yake. Ku lura kuma da darasin Lionheart: a wannan rukuni, harshen gida shi ne tikitin shiga. Matashin da ke jin kunyar Hausarsa yana ganin sai ya cusa Faransanci ko Ingilishi kafin a ɗauke shi wayayye, ya ji wannan da kyau.

Hanyar tana da tsawo, amma ƴan Afirka sun bi ta. Timbuktu na Abderrahmane Sissako ya shiga jerin biyar a 2015 da sunan Muritaniya. Tsotsi na Afirka ta Kudu ya ci kyautar a 2006. Don haka duk lokacin da labari ya iso wayarka, tambayi kanka: an miƙa ne, ko an shiga jeri, ko an ci?

Na uku: wane ne alƙalin?

Mu ƴan Nijar mun san gasa. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa, kowace jiha tana kawo ƴan kokawa goma, a shiga fili gaban dubban jama'a. Wanda ya sha ƙasa, kowa ya gani da idonsa, mai sauraron rediyo a Dungas ma ya ji ihun fili. Shi ya sa takobin yake da kwarjini. Gasar fim ba haka take ba. A ɗaki ake kallo, a ɗaki ake yanke hukunci, mu sai dai a karanto mana sakamako. Tunda ba mu ga kayen ba, dole mu san wanda ya yi alƙalanci.

Kyaututtukan fim iri uku ne. Akwai wadda masana ke yanke hukuncinta. Misalinta FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka fara a Wagadugu a 1969, ake kuma yi duk bayan shekara biyu. Ana bayyana sunayen alƙalai tun kafin biki, su zauna su kalli kowane fim daga farko har ƙarshe, su yi muhawara, sannan su ba da Dokin Yennenga na zinariya. Haka kyautar AMAA, wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005. A can ne Ali Nuhu ya ci kyautar ɗan wasa mai tasowa a 2007 da fim ɗin Sitanda, mutumin da a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. A can ne kuma The Milkmaid ya zama gwarzon fim na 2020, Maryam Booth ta ci kyautar mataimakiyar jaruma.

Iri na biyu ita ce ta ƙuri'ar jama'a. A gasar AMVCA da aka fara a 2013, wasu rukunan alƙalai ne ke yankewa, wasu kuma masu kallo ne ke zaɓe ta waya da intanet. Ƙuri'ar jama'a ba laifi ba ce, amma abin da take aunawa shi ne farin jini da yawan mabiya masu data. Tsohuwar da ke Kwaya, wadda ta fi kowa gane ko ɗan wasa ya iya kukan gaskiya, ba ta da hanyar jefa ƙuri'a. A wannan gasa an daɗe ana ware wa finafinan Hausa rukuninsu: Mansoor ya ci a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. A 2024 sai aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya, fim ɗin Yarabanci mai suna Jagun Jagun ya ɗauka. Ma'ana, fim ɗin Hausa ya daina gasa da ɗan'uwansa kaɗai, sai ya kara da kowa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Iri na uku ita ce lambar karramawa, wadda wata ƙungiya ko kamfani ke bai wa wanda ta ga dama. A cikinsu akwai na tsakani da Allah, domin yabon gwani ya zama dole, kuma dattijon da ya ba sana'a shekara talatin ya cancanci a tsaya a gode masa. Akwai kuma waɗanda aka shirya don a tara kuɗin tebur a ɗauki hoto. Yaya za ka bambance? Da tambayoyi uku. Wa ya shirya? Su wa suka yi alƙalanci? An bayyana sharuɗɗa kafin a fara, ko sai da aka ga wanda ya zo? Kyautar da ba ta iya amsa waɗannan ba, ado ce ta bango.

Na huɗu: abin da Nijar ta riga ta ɗauko

Ina so in tambayi matasan da ke nan. Wa ya fara cin Dokin Yennenga a tarihin FESPACO? Na ga hannu biyu ko uku a baya, Allah ya yi muku albarka. Ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kafin nan, a 1969, an nuna fim ɗinsa Cabascabo a bikin Cannes na Faransa, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin ya ga yadda dukiya da abokai suke watsewa tare. Ganda ya san abin da yake faɗa, domin shi kansa ya je wannan yaƙi. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuma har yau FESPACO tana ba da kyauta da sunansa. A zamaninsa akwai Moustapha Alassane, wanda ya yi fice a finafinan zane masu motsi, da Djingarey Maïga, da jaruma Zalika Souley.

Kada ku ce wannan tsohon zance ne. Sani Magori, ɗan Galmi, ya ɗauki kyamara ya bi wani manomin albasa da auren ɗiyarsa ya rataya a kan farashin albasar shekarar. Ba jarumi, ba rawa, ba motar alfarma. Wannan fim ya ci kyautar AMAA ta finafinan gaskiya a 2009. Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta yi L'Arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa, a kan halin da matar aure ke shiga idan ba ta samu haihuwa ba, ta kuma sa nata labarin a ciki. Ya ci irin wannan kyauta ta AMAA a 2016. A 2021 ta fitar da Zinder, inda ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da matasan da gari ke tsoro, da ƴan ruwa-ruwa masu shigo da mai daga iyaka, ta bar su suka faɗi rayuwarsu da bakinsu, da Hausarmu ta nan. Fim ɗin ya zaga bukukuwan duniya, ya kuma samu kyaututtuka na musamman a FESPACO ta 2021. Zin'naariya ma ya ci kyautar kyawun hoto a FESPACO ta 2017.

Me ya haɗa waɗannan finafinai? Kowannensu ya tsaya a kan abin da mai shi ya sani ciki da waje: albasar garinsu, unguwar birninsu, ciwon da ke cikin gidansu. Ba su ari rayuwar wasu ba.

To me ya sa mai tura fim a kasuwar Bande yake da ɗaruruwan finafinan Kano da na Indiya masu fassara, amma da wuya ka samu ɗaya daga cikin waɗannan a kwamfutarsa? Dalilin a fili yake. Finafinan da ke zuwa gasa galibi da tallafin waje ake yin su, sai su bi hanyar bukukuwa da tashoshin Turai. Na Kano kuwa da kuɗin kasuwa ake yin su, dole su nemo mai kallo duk inda yake. Ɗaya ya samu kyauta bai iso gida ba, ɗaya ya cika gida bai cika zuwa gasa ba. Aikin da ke gaban tsaranku shi ne haɗa biyun.

Na biyar: labaran taurari, tsakanin sharhi da gulma

Yanzu bari mu taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Idan ka buɗe Facebook ko TikTok ka nemi labarin fim, me za ka fi samu? Wance ta fito daga gidan miji. Wane da wane ba sa ga-maciji. Wance ta sayi mota, a ina ta samu kuɗi? Sau nawa aka turo mana cewa ɗan wasa kaza ya rasu, muka yi ta salati muna turawa, washegari ya fito da ransa yana ƙaryatawa? Ku tuna yana da uwa, kuma wataƙila ita ma a waya ta fara gani.

Masu irin waɗannan shafuka sun san abin da suke yi. Yawan dannawa shi ne kuɗinsu, kuma sun gane cewa abin kunya ya fi abin kirki saurin yaɗuwa. Mu da muke turawa mu ne ƴan dakonsu, ba ko sisi. Malamanmu suna nan zaune, sun fi ni sanin hukuncin gulma da ƙazafi, kuma ban taɓa jin inda aka ce hukuncin ya faɗi don wanda aka ci namansa ɗan fim ne ba. Wanda ya ga kuskure a fim yana da damar ya soki fim ɗin da hujja. Mutuncin mai wasan kuwa, da aurenta, da iyalinta, ba namu ba ne.

Akwai wata asarar kuma. Duk lokacin da muka ɓata a kan rayuwar jarumi, mun manta da waɗanda suka gina fim ɗin. Wa ya rubuta labarin? Wa ya riƙe kyamara? Wa ya ɗauki sauti, wa ya tace, wa ya nemo kayan sawa? A manyan gasa kowane ɗayansu yana da rukuninsa. Mu kuwa da an fara jero sunaye a ƙarshen fim sai mu kashe waya.

Ga abin da nake roƙo ku gwada a fim na gaba da za ku kalla. Ku duba labarin: abin da ya faru a ƙarshe ya taso daga abin da aka shuka a farko, ko dai haɗarin mota aka kawo don a rufe zance? Ku saurari harshen: tsoho yana magana irin ta tsofaffi, ko an sa masa kalaman ɗan jami'a a baki? Ku kasa kunne ga sauti: kuna jin magana sarai, ko iska da kiɗa sun danne ta? Sannan ku zuba ido ga gaskiyar hoto. Idan an nuna ƴar ƙauye tana daka, ku dubi yadda ta riƙe taɓarya, da tsayuwar ƙafarta, da ko turmin yana amsawa. Iyayenmu mata da ke nan, da kallo ɗaya za su gaya muku ko ta taɓa surfe a rayuwarta. Wannan ilimi ne, kuma irinsa alƙalan gasa suke aiki da shi. Kuna da shi, amfani da shi ne ya rage.

Na shida: abin da za mu iya yi a Magarya da Dungas

Jiharmu ba baƙuwar wasa ba ce. A Damagaram aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a 1976, zamanin ƙungiyoyin samariya. A Damagaram Yazi Dogo da abokan wasansa suka yi wasannin kwaikwayon da suka sa ƙasa duka dariya da tunani ta rediyo da talabijin. Jami'ar jiharmu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Tushen yana nan.

Labari kuwa, a ƙofar gida yake. Masana daga ƙasashen duniya suna zuwa Magarya da Matamaye da Mirya don su ga yadda manoma suka raya itatuwan gawo a gonakinsu har ƙasa ta farfaɗo. Wa ya ɗauki dattijon da ya ƙi sare gawonsa a shekarun fari ya ba mu labarinsa? Ga masu noman rake a fadamun Waca da Bande. Ga matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Libiya, ta riƙe gida da yara shekara biyu da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ga dillalin da ke kwana a hanyar Maigatari. Ga tarihin zuriyar sarakunan Daura da suka zauna a Yekuwa bayan jihadi, da tarihin sarautun Sosebaki na Dungas da Waca. Idan albasar Galmi ta kai wani gaban alƙalan Afirka, me zai hana raken Waca?

Ina ba da shawara huɗu. Ta farko, kowace fada ta ware dare ɗaya a wata, a kalli fim tare, a kashe, sannan a yi muhawara a kan labari da harshe da sauti da hoto kafin a sha shayi na uku. Ta biyu, gidajen rediyonmu na gari su buɗe filin sharhin fim na mako-mako, wanda zai tattauna aiki ya bar rayuwar mutane. Ta uku, masu shirya taro irin wannan su nemi izinin masu finafinan Nijar da suka ci kyauta, su kuma tuntuɓi cibiyar finafinai ta ƙasa da ke Yamai, a kawo su a haska a gidan matasa da filayen makarantu.

Ta huɗu ita ce babba. Mu kafa gasar gajerun finafinai tsakanin matasan Magarya da Dungas, na minti biyar zuwa goma, ko da wayar hannu aka ɗauka. Amma mu gina ta a kan gaskiya tun ranar farko. A rubuta sharuɗɗa a manna kafin a karɓi fim ko ɗaya. A bayyana alƙalai, a sa malamin makaranta da dattijuwa da masanin addini da wanda ya san kyamara. Alƙalin da ɗansa ko ƙaninsa ya shiga takara ya janye. A fitar da jerin waɗanda suka tsallake, a haska su gaban jama'a, sannan alƙalai su tashi su faɗi dalilin zaɓensu da baki. A ware kyauta ga marubuci da mai ɗaukar sauti, kada jarumi ya kwashe duka. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kada a sa waƙar wani sai da izninsa, domin babu babbar gasar da za ta karɓi fim mai kayan sata. Wanda ya yi fice, malaman Faransanci su taimaka a rubuta masa fassara a ƙasan hoto don ya iya fita waje. Iyaye kuma, idan ɗiyarku ta nuna basirar rubutu ko ɗaukar hoto, ku tsaya mata ku sa ido a kan tarbiyyarta, kada ku kashe basirar. Biyu daga cikin waɗanda suka fi ɗaga sunan Damagaram a finafinan duniya mata ne.

Ko buhun gero ne kyautar farko, in dai an ba da shi bisa adalci, yaron da ya ci zai riƙe shi da daraja, wanda bai ci ba kuma zai koma ya gyara aikinsa maimakon ya tafi yana zargin an yi son kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Kammalawa

Jama'a, na faɗi yadda fim yake iso mana, da bambancin miƙawa da shiga jeri da cin kyauta, da muhimmancin sanin alƙali. Na tuna mana abin da ƴan ƙasarmu suka ɗauko, na ja kunnenmu a kan gulma, na kuma kawo abin da nake ganin za mu iya farawa da shi bana, ba sai baɗi ba. Roƙona ga matasa shi ne, kafin ku tura labarin wani ɗan wasa ku tabbatar da shi, kafin ku yabi fim ku san dalilin yabonku, kuma wanda ke da labari a ransa ya zauna ya rubuta shi.

 Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, ya faɗi garin da ya fito, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata da ƴan makaranta dama.